Haƙorin da Mahaifinku Bai Cire Ba

Na riga na sa an rubuta muku aurena da haihuwarku da shekarar da shanunmu suka ƙare. Wannan da zan faɗa yanzu shi ne na yi ta kewayewa. Kwana uku ke nan Malam Hamidu maƙwabcinmu, wanda ya huta da aikin koyarwa a makarantar lekol, yana zuwa da alƙalaminsa ina ce masa kaina ke ciwo. Yau na ce ya zauna. Ni ban san baƙi ba, ba zan iya duba abin da ya rubuta ba, don haka na roƙe shi kada ya gyara mini magana ko da ta yi muni, in kuma na yi kuka ya ajiye alƙalamin ya jira ni.

Kun girma kuna jin ana cewa mahaifinku ya rufe ƙofa da ɗiyar mutane a gidan likita, shi ya sa aka raba shi da aikin haƙori aka jefa shi can ƙasar Imanan. Babbanku ya sha dambe a kan wannan magana. Ke Rabi, wata gwaggon mijinki ta faɗa miki ita a ranar da aka kai ki ɗaki. Shi kuwa bai taɓa kare kansa ba har Allah ya karɓi ransa, sai kuka ɗauki shirunsa a kan amsa laifi ne. Ƙofar an rufe ta, wannan gaskiya ne. Amma ina cikin ɗakin.

Mahaifinku ba babban likita ba ne. Ɗan wanzami ne, ya koyi cire haƙori a hannun ubansa, daga baya aka kai shi Yamai ya yi ƴan watanni ya koyo allurar kashe zafi da tafasa kayan aiki. Aka ba shi ɗan ɗaki a bayan gidan likitan Filinge, da kujerar ƙarfe guda da awartaki biyar. Ni kunu nake sayarwa a bakin ƙofar, don wanda aka cire wa haƙori ba ya iya tuwo. Matan ƙauyukan Kurfai kuma ba sa yarda su buɗe baki gaban namiji sai da mace a wurin, shi ya sa in mace ta zo sai ya kira ni in tsaya bayan kujera in riƙe mata kai a ƙirjina. Shekaru na yi ina wannan. Yakan ce mini mutum na iya ɓoye cikinsa amma ba ya ɓoye bakinsa, wai yana gane mai taba da mai goro, da wanda ya yi yunwa yana ƙarami, da wadda ake duka. Ni dariya nake yi masa.

Zamanin soja ne, shekarar da ta biyo bayan babban fari, lokacin da ake rabon jar dawa. Mutanen yamma, Zabarmawa, sun baro garuruwansu sun zube a gefen gari. Kowa na magana ƙasa-ƙasa, ko sunan jandarma ba a son a faɗa. A lokacin akwai wata Hajiya mai fataucin atamfa da turare, tana zuwa daga Baleyara ta wuce arewa, in ta iso Filinge a gidan kawuna Alhaji Bawa take sauka, can unguwar kasuwa. Ku tuna Kawu Bawa shi ya riƙe ni bayan rasuwar ubana, shi ya yi mini aure, gadon da aka haife ku a kansa shi ya saya.

Wata Talata da hantsi Hajiyar ta shigo riƙe da wuyan hannun wata yarinya da ba ta wuce sha uku ba, kumatunta na hagu ya kumbura har ido ya ƙanƙance. Aka zaunar da ita, na riƙe kanta. Jikinta zafi kamar tukunya.

"Mi ya same ta?" in ji mahaifinku.

"Faɗuwa ta yi bisa turmi. Ka san ɗiyan yanzu, ba su duban gabansu."

"Ɗiyarki ce?"

"Tawa ce. Ladi."

"Ladi, yaushe ya fara ciwo?"

"Kwana huɗu," in ji Hajiya.

"Ita nake tambaya, Hajiya."

"Ba ta son magana, haka Allah ya yi ta. Kai dai cire shi, tafiya gare mu."

Ya buɗe bakin. Daga inda nake tsaye na ga dasashinta baƙi-baƙi, an yi masa tsaga da ƙaya da baƙin fitila, irin kwalliyar da matan yamma ke yi wa ƴanmatansu. Da ya taɓa haƙorin sai ta ƙanƙame hannun kujera ta kira uwarta da Zabarmanci, a hankali, kamar mai tsoron a ji. Ni na ji, don uwata Bazabarma ce, da yaren na tashi. Hajiya tana tsaye tana kallon waje, ko juyowa ba ta yi ba. Mahaifinku ya ce ba a cire haƙori yana kumbure, ya ba da ƙwaya, ya ce a riƙa kuskure baki da ruwan gishiri mai ɗumi, a dawo Alhamis.

Da azahar muna cin abinci ya ajiye loma ya ce yarinyar nan ba ɗiyar matar nan ba ce. Na ce ya ji tsoron Allah. Ya ce wanda ya faɗi bisa turmi haƙoran gaba ke karyewa, wannan kuwa na gefe ne, kuma cikin kumatun akwai sabon rauni a kan tsoho, akwai wani haƙorin ma da ya daɗe da karyewa. Ya ce an yi ta dukanta a wuri guda, da hannun dama. Ya ce wace Bahaushiya ce ke yi wa ɗiyarta wannan tsagar dasashi, wace uwa ce kuma ɗiyarta za ta yi ƙara ba ta ko waiwayo ba.

"Ƴar fari ce mana," na ce. "Kunya ce. Ni ka taɓa jin na kira sunan babban ɗana? Ranar da aka yi masa kaciya ka ga na leƙa?"

"Ba ki leƙa ba, amma kina bayan zana kina kuka, na ji ki."

"Kai dai in ka duba bakin mutum sai ka ga har kakansa."

"Ke kuma da kika riƙe kanta, wa ta kira?"

Na san abin da na ji, amma baƙuwar kawuna ce, ba na so ya zama gaskiya.

Ranar Alhamis suka dawo. Kumburin ya sauka. Mahaifinku ya rubuta takarda ya ce Hajiya ta je wurin majo, shugaban gidan likita, ya sa hannu, daga nan ta sayo maganin a ɗakin magani na bakin kasuwa. Ta ce su je tare da yarinyar. Ya ce ya riga ya shafa mata magani, ba ta tafiya cikin rana. Hajiya ta dube shi, ta dube ni, ganin ni ɗiyar gidan masaukinta ce sai ta fita. Shi ne ya tashi ya tura ƙofar. Wannan ce rufe ƙofar da aka yi ta faɗa. Ya koma can jikin bango ya tsaya, hannunsa a baya, ya ce in ba ta ruwa, in gaya mata da yarenta cewa ba wanda zai taɓa ta, kuma ba abin da za a yi ba tare da an gaya mata ba. Na zagayo gaban kujera na durƙusa. Da ta ji Zabarmanci a bakina sai hawaye suka zubo, amma ba ta yi sauti ba. Wannan yarinya ta koyi kuka ba sauti.

Sunanta Bibata. Ta faɗi sunan ƙauyensu, can yamma wajen Zarmaganda. Ta ce da yunwa ta yi tsanani wani mutum ya zo ya ce zai kai ta aikin gida a Yamai, ubanta ya yarda. Ba ta ga Yamai ba. A Baleyara mutumin ya miƙa ta ga Hajiya, aka ce daga yau sunanta Ladi, in an tambaya ta ce Hajiya uwarta ce, ko ma kada ta ce komai. Sau biyu ta gudu, sau biyu aka kamo ta, haƙoran nan shaida ne. Su huɗu ne a ɗakin baya na gidan Kawu. Ranar Lahadi in kasuwa ta watse babbar mota za ta ɗauke su zuwa arewa, ta ji ana cewa har bayan hamada. Ina faɗa wa mahaifinku da Hausa, yana sauraro, fuskarsa na canzawa.

"Tambaye ta ko tana son komawa gida."

Na tambaye ta.

"Ban san hanya ba," ta ce.

Mahaifinku ya ɗauki awartaki, ya juya shi a hannu, ya mayar cikin kwano. Ya ce in ya cire haƙorin yau, Hajiya ba ta da dalilin sake kawo ta, ba za mu ƙara ganinta ba. Ya ce zai bar shi zuwa Asabar. Gobe Juma'a da safe zai gaya wa majo, mu je gidan jandarma tare, don ni na ji maganar da kunnena, shi bai ji yaren ba. Ranar Asabar in an kawo ta, jandarma na nan cikin ɗakin, a karɓe ta a inda Hajiya ba ta da iko, sannan a je a fito da sauran ukun. Ya ce in gaya wa yarinyar duka, in tambaye ta ko za ta iya daure ciwon kwana biyu. Na gaya mata. Ta ɗaga kai alamar ta yarda. Ta kama bakin zanena ta riƙe har muka ji takun Hajiya, sannan ta saki.

"Saiwar ta ƙi, Hajiya. Sai Asabar," in ji mahaifinku.

"Haƙori guda kamar ana haƙa rijiya," in ji ta, ta ja yarinyar suka fita.

Malam Hamidu, nan ne wurin. Rubuta yadda na faɗa.

Bayan la'asar, mahaifinku ya tafi gona, na ɗauki mayafina na tafi gidan Kawu. Ban gaya masa ba. Ku da kuka tashi a wani zamani za ku ce wauta ce, amma mu yadda aka rene mu ba a kai babba gaban hukuma bai ji daga bakin na gida ba. Na ga yadda jandarma ke fito da mai gida gaban matansa, a aske masa kai, a sa shi tsallen kwaɗo a rana. Na ce a raina tsohon nan da ya ciyar da ni ba zai ga haka ta hannuna ba. Na kuma sa wa raina cewa bai san abin da baƙuwarsa ke yi ba, in ya ji zai ƙwace yaran da kansa, a gama a cikin gida ba tare da kowa ya ji kunya ba. Na same shi a zaure bisa buzunsa, na durƙusa na gaishe shi, na zayyana masa komai, har da Asabar, har da jandarma.

"Kin kyauta da kika kawo ta gida, ɗiyata," ya ce. "Ashe renon da na yi bai ɓaci ba. Bar mini, ni zan yi mata magana. Kada mijinki ya wahal da kansa."

"Kawu, yaran fa?"

"Na ce ki bar mini."

Ya sa aka kawo mini ruwa, ya ba ni goro biyu. Ina shan ruwan nan na hango cikin gida ta ƙofar zaure. Bibata na tsugune tana wanke tukwane. Ta ɗago ta gan ni zaune kusa da mai gidan, ƙwarya a bakina. Ba ta daɗe tana kallona ba, ta mayar da kanta ga tukunya. Shekara nawa ke nan, in na rufe ido wannan kallon nake gani.

Da gari ya waye ba Hajiya, ba yara. An ce wata mota ta ɗauke su ta hanyar Abala tun kafin a fito masallaci. Mahaifinku ya ce duk da haka mu je, ko a bi su. Muka isa gidan jandarma muka tarar da Kawu ya riga mu, yana zaune bisa benci da babbar rigarsa. Ƙara ya kawo. Wai baƙuwarsa, mutuniyar kirki, ta bar gari cikin baƙin ciki saboda mai cire haƙori ya aike ta kasuwa ya rufe ƙofa da ɗiyarta budurwa. Mahaifinku ya faɗi nasa, bai ƙara ba bai rage ba. Kumandan jandarman ya saurare su, ɗamararsa na ajiye bisa tebur. Sannan ya juyo gare ni.

"Ke, kina cikin ɗakin?"

Kawu na kallona. Mahaifinku bai dube ni ba, don shi bai da shakka a kan abin da zan ce. Ni kuwa na ga cewa in na ce ina ciki, sai in faɗi abin da na ji, in na faɗi shi Kawu ba zai kwana gidansa ba, kuma za a tambayi wanda ya gaya wa Hajiya ta gudu. Na ji bakina na cewa:

"Ina shiga ina fita, ranka ya daɗe. Kunu nake sayarwa."

Iyakar abin da na ce ke nan. Ban ce ya yi wani abu ba, amma wannan ya isa. Mahaifinku ya juyo ya dube ni sau ɗaya, ya gyara hularsa. Ba a bi motar ba. Ba a ɗaure shi ba, don ba yarinya ba uwarta, amma kafin wata ya ƙare takarda ta zo aka karɓe masa ɗakin da kujerar, aka tura shi Bonkuku a Imanan yana wanke gyambo yana ɗaure rauni. Shekara tara ya yi can, yana zuwa mana duk ƙarshen wata. Bai sake riƙe awartaki ba. Ko ku in haƙorinku ya yi ciwo wurin wani yake kai ku. Bai sake ni ba, bai yi mini kishiya ba, bai taɓa ɗaga maganar ba ko da muna faɗa a kan wani abu. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Kawu Bawa kuwa ya rasu da mutuncinsa, rabin gari ya bi gawarsa, ni ma na yi zaman makoki na dafa abincin sadaka.

Bayan soja sun sauka an fara zaɓe, mahaifinku ya huta da aiki ya dawo gida. Wata rana bayan girbi ya ce in shirya za mu yi tafiya. Ku aka ce muku gaisuwar mutuwa muka je wajen dangin uwata. Ƙauyen Bibata muka je. Bai manta sunansa ba. Muka shiga mota, muka sauka muka hau amalanken jaki, muna tambaya har muka isa. Uban ya rasu. Uwar muka tarar, wata siririyar mata tana sussukar gero a bayan bukka. Da na faɗi sunan ɗiyarta sai ta ajiye taɓarya ta zauna a ƙasa a wurin. Bibata ba ta dawo ba, ba kuma wanda ya kawo labarinta sai mu. Su a Yamai suke neman ta, duk mai tafiya can sai an ba shi sallahu. Mahaifinku ya zauna nesa kaɗan bisa kututture kamar yadda ya kamata ga baƙon namiji, yana magana da Hausa ina mayarwa. Ya gaya mata inda muka gan ta, da hanyar da aka bi da ita. Bai faɗi nawa laifin ba. Matar ta saurara, ta yi tambayoyi ƙanana, ko ta yi tsawo, ko tana da zane mai kyau. Daga ƙarshe ta ce:

"Haƙorin fa? Ya cire mata? Ba ta iya daure ciwo, tun tana ƙarama."

Na mayar masa. Ya sunkuyar da kai.

"Gaya mata ban cire ba. Da gangan na bar shi, don a dawo mini da ita, ba a dawo ba. Da ciwon ta tafi. Ta yafe mini."

Na dubi matar nan. Na buɗe baki na ce mata ya cire, ya kuma sa magani, ta sha kununa kofi biyu, ta tafi ba ciwo. Ta rufe fuska da tafin hannu ta ce alhamdu lillahi, ko wannan. Ta yi ta sa masa albarka. Ta kama kaza za ta ba mu muka ƙi, ta ɗaura mana gero a ƙyalle dole muka karɓa.

A amalanke muna komowa, mai jakin na gaba yana waƙarsa, muka wuce rijiyar ƙarshe ta garin. Sannan mahaifinku ya ce:

"Hawa, mi kika ce mata?"

"Abin da ka ce."

"Shekara tara na yi a Imanan. Masu gyambon can da Zabarmanci suke kuka. Na ji ki."

Na rasa inda zan sa fuskata. Na jira. Ya ɗora hannu bisa ƙullin geron ya ce:

"Wannan karon ban ga laifinki ba."

Daga ranar da muka fito gidan jandarma har ranar da aka ɗauki gawarsa, iyakar abin da ya faɗa mini a kan maganar ke nan. Na yi kuka a amalanken nan har mai jaki ya daina waƙa. Yanzu ma kukan nake yi, Malam Hamidu ya ajiye alƙalami sau uku.

Ƴaƴana, mahaifinku bai taɓa ɗiyar kowa ba. Ya duba bakin wata yarinya ya ga abin da ake yi mata, ya yi abin da ya iya, ni na ɓata. Duk wanda ya sake faɗa muku waccan magana, ku karanta masa wannan takarda, da sunana a kai. In kuna yi masa addu'a ku sa Bibata a ciki, da sauran ukun da ko sunayensu ban tambaya ba.